Yadda Baƙon Malamin Turanci Zai Tafiyar da Aikinsa a Lokacin Jarrabawa a Ƙasar Waje

Wanda ya tafi koyar da Turanci a wata ƙasa yakan zaci makonnin farko ne mafi wuya, saboda sabon gari da sabon harshe da sunayen ɗalibai da ba sa zama a baki. Waɗannan da sannu ake sabawa da su. Lokacin jarrabawa ne ke gwada mutum, domin a nan makaranta ke komawa kan tsarin da ta gada, kowa ya san abin da zai yi ba sai an gaya masa ba, ban da baƙo. A taron safe za a sauya jadawali da harshen da ba ya ji, a liƙa sanarwa a ɗakin malamai da rubutun da ba ya iya karantawa, shi kuwa ya kwashi littattafai ya nufi aji ya tarar da kujeru kawai. Yawanci babu mai nufinsa da ƙeta, an dai manta ne cewa bai sani ba. Saboda haka kusan duk matakan da ke tafe kan abu biyu suke: ka nemi labari da wuri, kuma duk hukuncin da ka yanke kan maki ya zama a rubuce yake.

Mataki na farko: san kalandar ƙasar tun kafin iskar jarrabawa ta kaɗa

Kada ka auna shekarar karatu da wadda ka saba. A Japan a watan Afrilu ake buɗe shekara, a rufe a Maris, kuma makarantu da yawa zango uku suke yi. A Koriya ta Kudu a Maris ake farawa, zango biyu ne. China a Satumba take farawa, Thailand kuwa a watan Mayu. Cikin kowane zango galibi akwai jarrabawar tsakiya da ta ƙarshe, kuma su ne za su fi taɓa aikinka na yau da kullum.

Sai kuma babbar jarrabawar ƙasa ta shiga jami'a. Da wuya a saka baƙo cikin masu gudanar da ita, amma sai ta girgiza makarantarka. A China ana fara gaokao ranar 7 ga Yuni, kuma a 2024 waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 13. A Koriya ta Kudu ana yin suneung wata ranar Alhamis cikin Nuwamba. Ranar ma'aikatu da yawa da kasuwar hannun jari sukan jinkirta buɗewa da awa guda don a rage cunkoso, kuma ana dakatar da tashi da saukar jirage na kimanin minti 35 lokacin da ake gwajin sauraron Turanci. A Japan jarrabawar bai-ɗaya ta shiga jami'a kwana biyu ce a tsakiyar Janairu. Idan makarantarka na cikin cibiyoyin da ake zana jarrabawar, ana iya cewa kada ka zo ranar gaba ɗaya. Idan kana koyar da 'yan ajin ƙarshe, ka sa a ranka cewa watanni kafin ranar hankalinsu ya bar darasin hira ya koma kan tambayoyin shekarun baya.

Ka nemi kalandar makaranta ta shekara, ko da ba a harshen da kake ji take ba. Ka ɗauki hotonta da waya, manhajar fassara ta karanta maka, sannan ka kai wa wani malami ya tabbatar. Manhaja takan rikita sunayen ranaku da na ajujuwa, kada ka dogara da ita kaɗai.

Mataki na biyu: zama ɗaya da abokin aikinka, da takarda da biro

Kamar wata guda kafin jarrabawa, ka nemi minti goma sha biyar daga malamin Turanci ɗan ƙasa da kuke aiki tare. Kada ka tare shi a hanya yana sauri, kada kuma ka bari sai makon da takardu suka rufe masa tebur. Ka ce masa: "Malam, don Allah yaushe za ka samu sarari mu ɗan zauna kan jarrabawa? Ba na son in riƙa damun ka da tambaya ɗaya-ɗaya." Da ya ji haka zai gane lokacinsa kake tattalawa.

Abu na farko da za ka tabbatar shi ne matsayinka. Wanda ya zo ta shirin JET na Japan, wanda aka kafa a 1987, ko EPIK na Koriya, wato shirye-shiryen gwamnati na kawo baƙin malaman Turanci, mataimaki ne. Alhakin makin ƙarshe na wuyan malamin ƙasa. A makarantar kuɗi ko cibiyar koyon harshe ko jami'a kuwa, mai yiwuwa kai ne za ka tsara tambayoyi, ka duba, ka shigar da sakamako. Tsakanin waɗannan biyun akwai matsayi iri-iri, kuma abin da kwantiragi ya faɗa ba lallai ya zama shi ake yi a aikace ba. Ka tambaya: wane ɓangare ne nawa? Kashi nawa ne cikin ɗari na makin zango? Ranar da zan miƙa tambayoyi, da ranar da zan miƙa maki? Wa zai shigar a kwamfuta? Ɗalibin da bai zo ba fa, ana yi masa wata ko sifili yake samu? Akwai mafi ƙarancin makin da makaranta ba ta yarda a sauka ƙasa da shi ba?

Ka tambayi ma'aunin maki ma. A Faransa bisa 20 ake bayarwa, kuma 14 maki ne mai kyau. A makarantun Jamus 1 ce ta fi kowacce, 6 ce faɗuwa. A Sifen bisa 10 ne, da 5 ake tsallakewa. Hatta alamar da ake yi a takarda ta bambanta: a Japan da Koriya da'ira ita ce alamar an ci, kuma a Japan alamar nan (✓) da yawancin duniya ke yi wa amsa daidai ana iya karanta ta a matsayin kuskure. Yaro zai karɓi takardar da ya cinye duka, ya ga ta cika da alamar da ya saba gani a kan kuskure, ido ya raina fata. A Koriya kuma ana ƙyamar rubuta sunan mai rai da jan biro, don haka ja ya tsaya kan gyara, suna a rubuta da baƙi ko shuɗi.

Duk abin da ya faɗa ka rubuta, bayan kun tashi ka tura masa a gajeren saƙo: ga abin da na fahimta, daidai ne? Wannan saƙon zai yi maka rana.

Mataki na uku: tsara tambayoyi

Ka'idar a nan ɗaya ce, abin da aka koyar shi ake tambaya. Ka ɗauko littafin aji, ka ware shafukan da aka sanar wa ɗalibai cewa daga nan jarrabawa za ta fito, kada ka ƙetare. Idan ajujuwa biyar ne ke zana takarda ɗaya amma ɗaya ya rasa darasi saboda hutu, abin da ya rasa ba ya shiga.

Babban tarkon wanda ya iya Turanci sosai shi ne tambayar canki-canka mai amsa biyu. Kai ka san duka biyun ana faɗa, littafi kuwa ɗaya ya koyar. Ko kuma ka sa amsar da kake ganin kuskure ce, alhali a Ingila ko Ostireliya haka ake magana. Ka karanta kowane zaɓi da idon ɗalibin da ya fi kowa wayo, wanda zai zo da ƙamus a hannu yana neman hakkinsa. Tun kafin a buga ku yanke hukunci kan rubutun Amurka da na Birtaniya, wato ko za a karɓi color da colour duka, da kuma abin da za a cire idan an manta babban baƙi ko aya.

Ka ba abokin aikinka ya amsa takardar kamar ɗalibi, yana duba agogo. Idan shi ya ɗauki rabin lokacin da aka ware, takardar ta yi wa yara tsawo. Umarnin kowane sashe kuma, idan makaranta ta yarda, a rubuta shi da harshen yara, don kada wanda ya san amsa ya faɗi saboda bai gane abin da ake so ya yi ba.

Idan an ce ka naɗi murya don gwajin sauraro, ka nemi ɗaki mai labule ko kafet, ka kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ka yi magana da saurin da ka saba yi a aji. Bayan ka gama, ka je ka saurara ta lasifikar da za a yi amfani da ita ranar, daga kujerar ƙarshe. Abin da ya fito tangaram a abin sauraro na kunne yakan zama gunaguni a lasifikar bango.

Tambayoyin kuma amana ce. Kada ka bar su a kan tebur, kada ka manta asalin takardar a cikin injin fotokwafi, kada ka tura ta dandalin hira na waya.

Mataki na huɗu: jarrabawar baka

Wannan ce aka fi ɗora wa baƙo, ita ce kuma ta fi jawo gardama, domin babu takardar da za a koma a duba. Ka fara da lissafi. A ce aji na da ɗalibai 36, darasi kuma minti 45 ne. Idan kowa zai samu minti uku, shiga da fita da rubuta maki su ci minti ɗaya, ba za ka wuce mutum goma a darasi ba bayan an cire lokacin daidaita aji. Darasi huɗu ke nan. Idan sau ɗaya kake ganin ajin a mako, wata guda cur ya tafi. Mutane da yawa sai sun kai rabi suke gane haka. Mafita ita ce a yi bibbiyu: mutum biyu su yi hira da juna minti huɗu kana saurare, ka gama cikin darasi uku. Amma ka lura da haɗin. Mai surutu yakan danne mai kunya, don haka ka tanadi tambaya ɗaya ko biyu da za ka jefa wa wanda bai samu bakin magana ba.

Sai ma'auni. Kada ka ba da maki bisa yadda magana ta yi maka daɗi a kunne. Jarrabawar IELTS, wadda ake auna iya Turanci da ita a duniya, abu huɗu take aunawa a ɓangaren magana: sakin baki tare da tsaruwar zance, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Ka ari wannan tsarin ka sauƙaƙa shi. Kowane ɗaya maki biyar, jimla ashirin, kuma a gaban kowane maki ka rubuta jimla guda da ke bayyana shi. Misali a sakin baki: biyar, ya yi magana ba tare da dogon tsayawa ba, uku, yana tsayawa amma yana ƙarasa jimla da kansa, ɗaya, kalma ɗaya-ɗaya sai an taimaka masa. A fassara wannan takarda a raba wa ɗalibai mako biyu kafin ranar. A furuci abin dubawa shi ne ko ana gane abin da yake faɗa. Wanda ke cire maki don yaro bai yi magana kamar ɗan Landan ba, zalunci yake yi, kuma shi kansa malamin da wuya ya cika wannan sharaɗin.

A makarantu da yawa a baranda ake yi: tebur biyu a bakin ƙofar aji, abokin aikinka na ciki da sauran yara suna wani aiki. Ka zauna a gefen ɗalibi maimakon gaba da gaba. Takardar maki ka ɗora ta a kan allon hannu ka karkatar, domin da zarar yaro ya ga biro ya motsa, idonsa ya bar ka ya koma kan takarda, jimlar da ya ɗauko ta tsinke. Ka jira ya tashi sannan ka rubuta. Tambayar farko ta zama mai sauƙi wadda ba ta da maki, don murya ta daina rawa. Idan yarinya ta yi shiru, hannunta na murza gefen riga, ka ƙirga biyar a zuci kafin ka sa baki. Sau da yawa amsar na hanya, fassara take yi a ranta. Idan ba ta zo ba, ka maimaita tambayar sau ɗaya a hankali, sannan ka wuce ta gaba ba tare da sauya fuska ba.

Za ka haɗu da masu hadda. Ɗalibi zai zuba maka sakin layi guda babu tuntuɓe, ka yi masa ƙaramar tambaya a kan abin da ya faɗa yanzu, ya tsaya cak. Ba laifinsa ba ne, haka tsarin ya koya masa shiri. Maganin abin shi ne a sanar tun farko cewa rabin maki na abin da aka shirya ne, rabi na tambayoyin da za su biyo baya. Ka kuma tanadi katunan tambaya da yawa a riƙa zaɓa a rufe, domin kafin ajin farko ya gama, tambayoyinka sun riga ka isa aji na biyar.

Gajiya ma tana taɓa maki. Da safe mutum yakan tsaurara, bayan ya saurari yara sittin sai ya riƙa ba kowa huɗu don a wuce wurin. Idan makaranta ta ba da izini ka naɗi muryoyin, ka ware uku daga ranar farko, mai ƙarfi da matsakaici da mai rauni, ka saurare su kafin ka fara kowace rana. Izinin nan wajibi ne, musamman da yake yara ne. A ƙasashen Tarayyar Turai dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a 2018 ta shafi irin wannan naɗi. Ka yi da na'urar makaranta idan akwai, a goge idan lokacin ƙorafi ya wuce.

Mataki na biyar: makon bita da ranar tsaro

A makon bita za a yi ta karɓe maka darasi. Malami zai leƙo minti biyar kafin ƙararrawa ya ce yana bukatar lokacin don ya ƙarasa babi. Ka ba shi da sakin fuska. Idan an bar maka ajin, ka tambayi yara abin da ya fi ba su wuya a cikin shafukan jarrabawa ku yi shi, ka ajiye sabon darasi da wasanni masu hayaniya zuwa gaba.

Idan an sa ka tsaron jarrabawa, ka nemi dokokin a rubuce: wa ke raba takarda, yaushe ake barin fita bayan gida, me ake yi da waya. Ka sa takalmin da ba ya ƙara, ka bar wayarka a ɗakin malamai. Yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ka ma'anar kalma, amsarka ita ce ba a yarda ba, ko da kuwa kalmar ba ta da alaƙa da amsa. Idan ka ga alamar satar amsa, kada ka ƙwace takarda ko ka ɗaga murya. Ka rubuta lokaci da lambar kujera da abin da idonka ya gani, ka sanar da malamin da kuke tare ko shugaban sashe. Hukunci nasu ne, su suka san dokar da iyayen.

Mataki na shida: duba takardu da masu ƙorafi

Ka duba tambaya-tambaya maimakon takarda-takarda: tambaya ta ɗaya ta kowa, sannan ta biyu. Hannu ya fi sauri haka, ma'auni kuma ba ya zamewa. Ka naɗe wurin suna idan zai yiwu. A insha'i ka karanta goma ba tare da ka ba da maki ba, don ka ga inda ajin ya tsaya. Ka ajiye farar takarda a gefe, duk amsar da ba ka zata ba ka rubuta hukuncin da ka yanke mata, cikakken maki ko rabi ko babu, don idan ta sake fitowa a takarda ta tamanin a yi mata daidai da ta bakwai. Jimla kuma a haɗa sau biyu. Yawancin ƙorafin da ke da gaskiya daga kuskuren lissafi yake fitowa.

Ƙorafi zai zo. A manyan makarantun sakandaren Koriya, misali, matsayin ɗalibi a cikin sa'o'insa ne ke yanke darajar da zai samu, don haka maki ɗaya na iya sauke shi daga wani mataki zuwa na ƙasa, kuma wannan na shiga lissafin neman jami'a. Wanda ya zo yana jayayya kan rabin maki ba rashin kunya yake yi ba. Ka zaunar da shi, abokin aikinka na wurin, ka buɗe ma'auni da takardar hukuncinka. Idan yana da gaskiya a gyara masa, a kuma gyara wa duk wanda ya ba da irin amsar. Iyaye kuwa kada ka gana da su kai kaɗai, ko da suna jin Turanci.

Wani lokaci daga sama abin zai zo, a ce ka ɗaga makin aji ko kada kowa ya faɗi. A wasu wuraren wannan rubutacciyar ka'ida ce, a wasu kuma ganin dama ne na mai makaranta. Ka miƙa makin gaskiya kamar yadda ya fito, ka ajiye kwafi, ka nemi duk wani gyara ya zo a rubuce daga wanda ke da ikon yin sa.

Abin da zai iya taɓa bizarka

Lokacin jarrabawa ne iyaye suka fi neman mai yi wa yara darasi a gida, kuma tayin yakan yi tsoka. Ka duba sharaɗin bizarka tukuna. A Koriya bizar E-2 ta koyar da harshe a wurin aikin da aka yi wa rajista kawai take aiki, darasin gefe ba tare da izini ba na iya kaiwa ga tara ko kora. China ta tsaurara dokar darussan kuɗi na bayan makaranta tun 2021. Ko a inda doka ta yarda, karɓar kuɗi daga ɗalibin da kai za ka ba shi maki abu ne da ba ya wankuwa. Kyauta ma haka: dokar hana cin hanci ta Koriya ta 2016 ta hana malami karɓar kyauta daga ɗalibin da yake aunawa ko iyayensa. Ka mayar cikin ladabi, ka ce dokar makaranta ce.

Kwanakin zaman tebur

Ga abin da ba a cika gaya wa sabon zuwa ba: a ranakun jarrabawar kansu mai yiwuwa ba ka da aji ko ɗaya, amma dole ka zo ka zauna daga safe har lokacin tashi. Kowa na kai da kawo da ambulan, kai kana kallon agogo. Kada ka sa fim a kwamfuta a gaban mutanen da ko abincin rana ba su samu ci ba. Ka tambaya sau ɗaya ko akwai takardun da za ka taya dubawa, sannan ka kama naka: darussan makonnin bayan jarrabawa, waɗanda suka fi kowanne wuyar riƙewa domin an gama ba da maki yara sun saki jiki. Aikin rukuni ya fi dacewa da su, kamar shirya ɗan wasan kwaikwayo ko jaridar bango, abin da za a gama cikin darasi biyu ko uku.

Ka yi amfani da zaman ka duba ranar ƙarewar kwantiragi da ta katin zama. Jarrabawar ƙarshen shekara takan zo daf da lokacin sabuntawa, kuma wanda zai sa maka hannu a takardu shi ne wanda ya fi kowa aiki a makon. Ka haɗa fasfo da katin zama da fom ɗin da aka cike a fayil ɗaya, ka tambayi ranar da za a rufe shigar da maki, ka kai masa washegarin ranar.